CIWON GWIWA: WACE ALLURA CE TA FI?

Baba, Inna, in gwiwa tana yi muku ciwo wajen tashi ko tsuguno, ku karanta wannan kafin ku nemi allura.

A cikin gwiwa akwai guringuntsi mai santsi wanda ke hana ƙashi gogar ƙashi. Tsufa, ko ƙiba, ko tsohon rauni kan sa ya cinye. Ku sani tun yanzu: babu allurar da ke mayar da shi. Sauƙin ciwo kaɗai ake nema.

Wadda aka fi yi ita ce allurar kotizon. Tana kwantar da kumburi cikin kwana biyu ko uku, ga araha. Amma sauƙinta na 'yan makonni ne. Kada a wuce sau 3 ko 4 a shekara a gwiwa ɗaya. A wani bincike da aka wallafa a 2017, an gwada mutum 140 a Amurka: waɗanda aka riƙa yi musu ita duk wata uku har shekara biyu, guringuntsinsu ya fi cinyewa, ciwonsu kuwa bai fi na waɗanda aka yi wa ruwan gishiri raguwa ba. Mai ciwon sukari ya faɗa wa likita tukuna, don tana tayar da sukari na 'yan kwanaki.

Akwai kuma allurar ruwa mai yauƙi, irin wanda ke cikin gaɓa. Tana da tsada, ba ta aiki da wuri, amfaninta kaɗan ne. Hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'ida ta ce a 2022 kada a yi ta.

Ta uku, a ɗebi jininku a tace a mayar cikin gwiwa. Kuɗi ne mai yawa. Gwajin da aka yi a Ostareliya, aka wallafa a 2021, bai nuna ta fi ruwan gishiri ba.

To, me za a yi? Rage ƙiba. Motsa ƙafa kullum don naman cinya ya yi ƙarfi. Riƙe sanda ba abin kunya ba ne.

Likita kaɗai ke yin allura cikin gaɓa, BA mai kemis ba, BA mai yawo da jaka ba. Ƙwayar cuta in ta shiga, tana iya lalata gwiwa cikin 'yan kwanaki.

Bayan allura, in gwiwa ta kumbura, ta ɗauki zafi, ga zazzaɓi, ku dawo asibiti a ranar. Kada ku jira gobe.