Gyaran Gini a Gidajen Kula da Tsofaffi: Darasi ga Masu Riƙon Waƙafi

Da asubahin ranar 31 ga Janairun 2004 gobara ta tashi a gidan kula da tsofaffi na Rosepark da ke garin Uddingston a ƙasar Sikotland, mutum 14 suka rasu. Wutar ta fara ne daga matsalar waya a wani ɗan ɗakin ajiya inda akwatin rarraba lantarki yake. Ba ta ci wani yanki mai yawa na ginin ba. Hayaƙi ne ya yi ɓarnar. Binciken da kotu ta kammala a 2011 ya nuna cewa ƙofofin ɗakunan kwana da dama a buɗe suke, wasu an cire musu ƙarfen da ke mayar da ƙofa ta rufe da kanta, kuma an yi jinkirin mintuna tara kafin a kira 'yan kwana-kwana. Alƙalin ya ce da an ɗauki matakan da suka dace, da an kauce wa mutuwar wasu daga cikinsu, ko ma dukkansu.

A watan Satumban 2017 kuma, guguwar Irma ta lalata taransifomar da ke ba na'urar sanyaya ɗakuna wuta a wani gidan tsofaffi a Hollywood Hills, jihar Florida ta Amurka. Hukuma ta danganta mutuwar mutum 12 da tsananin zafi, alhali akwai asibiti dab da gidan. Duk wanda ya san zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba ya bukatar ƙarin bayani a nan.

Abin lura shi ne, tsoho ba ya gudu. Wanda ƙafa ta gaza masa, ko ido ya yi rauni, ko mantuwa ta kama shi, rayuwarsa tana rataye ne da ginin da aka ajiye shi a ciki. Yoyon rufin da ya jiƙa waya, ko santsin banɗaki, abu ne da saurayi zai tsallake ya wuce, amma tsohuwar da ta faɗi ta karya ƙugu sau da yawa ba ta sake tashi daga shimfiɗa.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tsayar da magana a kan wannan. A Mukhtasar na Shaihu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, an bayyana cewa ana bin sharaɗin mai waƙafi matuƙar ya halatta, amma idan ya shardanta kada a fara da gyaran abin da ya bayar, ba a bin wannan sharaɗin. Wato daga kuɗin da waƙafi ya samar, gyara ne farko, sannan rabo. Malaman Hanafiyya ma haka suka tafi. Hikimar a fili take: sadaka ba ta gudana idan asalinta ya rushe.

A nan ne kwamitoci da yawa suke tuntuɓe. Zakka tana da mutanenta takwas da aka ambata a Suratut Tauba, kuma a mazhabar Malikiyya ba a gina gini da ita. Saboda haka kuɗin kwano da siminti da ma'aikacin lantarki sai dai su fito daga amfanin waƙafi ko sadakar ganin dama. Mu kuwa, a gaskiya, mun fi son aza harsashi da yanka kyalle. Ba kasafai ake samun mai zuwa ya ce ga gudummawarsa ta sauya tsofaffin wayoyi ba.

Muna ba kowane kwamitin da ke riƙe da gidan gajiyayyu shawarar ya ware kaso sananne na kuɗin hayar kadarorinsa, a rubuce, kafin a taɓa sauran. A duba rufi da magudanan ruwa kafin damina, a kira ƙwararre ya gwada wayoyi duk shekara, a nesanta janareto daga tagogin ɗakunan kwana saboda hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ankara ba. Sannan wani daga cikin kwamiti ya je da dare, ba tare da sanarwa ba, ya tambayi mai gadi inda makullin ƙofar baya yake, ya ƙirga mintunan da za a ɗauka kafin a buɗe ta.