Banɗakin ƙarƙashin ƙasa ba aikin sumo ba ne

Akwai gine-gine masu hawa a ƙarƙashin ƙasa a Abuja da Kano, kuma kusan duk mai irin ginin yana so a yi masa banɗaki a can ƙasa. Matsalar ita ce masan yana ƙasa da bututun da ke kai ƙazanta sokawe, ruwa kuwa ba ya hawa tudu da kansa. Dole a haƙa rami a daɓe, a binne tanki mai murfi, a saka masa injin da zai tura ƙazantar sama.

A nan ne nake yawan ganin ɓarna a wuraren da ake kirana gyara. Don a rage kuɗi sai a jefa sumon rijiyar burtsatse ko injin kwashe ruwan sama a cikin tankin. Waɗannan an ƙera su ne don ruwa zalla. Injin ƙazanta na gaskiya yana wuce daskararren abu mai kaurin inci 2, bututun fitarsa ma inci 2 ne. Sumo ko injin ruwan sama kuwa zai toshe, ya yi zafi, ya ƙone.

Tankin kada ya gaza inci 18 a faɗi da inci 30 a zurfi. A kan bututun fita a sa bawul mai hana ruwa komowa, a samansa kuma bawul na rufewa, domin ranar gyara kada abin da ke cikin bututu ya kwararo kan mai aiki. Ƙarƙashin bawul na farko, a cikin tankin, ana huda ƙaramin rami kamar milimita 5, in ba haka ba iska ta kan maƙale, inji ya yi ta kuka bai tura komai ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne murfi da bututun iska. Ƙazanta tana fitar da iskar gas mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa takan kashe jin warin gaba ɗaya, mutum ya zaci ta tafi alhali tana shirin sumar da shi. Akwai kuma mai kamawa da wuta. Ɗakin ƙasa ba shi da tagogin kirki, sau da yawa kuma nan masu gadi ke kwana. Don haka murfi ya rufu gam da roba da kusoshi, bututun iska kuma ya fita har saman rufi. Na ga inda aka yanke shi a cikin silin don kada ya ɓata kyan gini. Wallahi wannan wasa da rai ne.

Idan aka ɗauke wuta inji ya tsaya, tanki kuwa yana ci gaba da cika. A haɗa injin da janareta ko sola, a sa ƙararrawar da za ta yi kuka idan ruwa ya haura iyaka, a kuma hana jefa ƙunzugun yara da audugar mata a masai.