Yadda Ake Haɗa Disfirosiyam Da Ƙarfe Cikin Narkakken Gishiri

Ɗalibi zai iya tambaya: me ya hana a ware disfirosiyam da lantarki a cikin ruwa, kamar yadda ake yi wa tagulla? Dalili shi ne ruwan ne zai fara tarwatsewa, iskar haidurojin ta yi ta tashi, ba a sami komai ba. Saboda haka sai a narka gishirin fuloraid na litiyam da na disfirosiyam a zafin da ya ɗara digiri 1,000 kaɗan, a zuba oksaid ɗinsa a ciki.

Sai dai da sauran rina a kaba, domin disfirosiyam ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,400. Dabarar ita ce a yi katod da sandar baƙin ƙarfe. Da zarar disfirosiyam ya sauka a kanta sai su gauraya, gamin nasu kuwa yana narkewa a zafin da bai kai haka ba, ya riƙa ɗiga cikin kasko, sandar tana cinyewa. Ƙarfen da ya shiga bai ɓata komai ba, tunda maganaɗisun neodimiyam da ake ƙara wa wannan gami don ya jure zafin injin motar lantarki, akasarinsa ƙarfe ne.