Yadda Ake Shirya Dandalin Adabi da Waƙa a Unguwa

Dandalin adabi na unguwa zama ne na yamma guda, inda mazauna wuri ke haɗuwa su saurari waƙa da gajeren labari da ɗan wasan kwaikwayo daga bakin 'ya'yansu da maƙwabtansu. A birni irin Kano abin yana da tushe. Marubuta waƙoƙi sun daɗe suna haɗa kai a ƙungiyoyi irin su Hikima Kulob ta Mudi Sipikin da Hausa Fasaha wadda Aƙilu Aliyu ya shugabanta, marubuta littattafai suka zo da Raina Kama, reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya kuma yana zaman karatu da sharhi. Sai dai taron ƙungiya a ɗaki ake yin sa, tsakanin waɗanda suka san juna. Na unguwa a ƙofar gidajen mutane ake yi, saboda haka rabin aikinsa neman yardar masu gidajen ne.

Ana farawa da kwamiti ƙarami, mutum biyar zuwa bakwai. In ya wuce haka sai zaman ya koma hira. A ciki a sami mai riƙe kuɗi, da mai rubuta abin da aka yanke, da wanda ya san marubuta da mawaƙan yankin da sunayensu. Lallai ne a sa mace ko biyu, domin su ne ke iya shiga gidaje su yi wa iyaye mata bayani, kuma ta hannunsu ake samun 'yan matan da ke rubutu a ɓoye cikin littattafan makaranta. A nemi dattijo ɗaya da unguwa ke jin maganarsa ya zama uban tafiya. Ba sai ya halarci kowane zama ba, sunansa kawai yana buɗe ƙofofi.

Kafin a sa rana, kafin a buga ko takarda ɗaya, sai a je wurin mai unguwa. Ba a aika masa saƙon waya. Mutum biyu ko uku ne za su taka har gida tare da dattijon nan, a gaisa, a ce, "Ranka ya daɗe, yaranka ne suke son yin zaman karatu da waƙa, suka ce ba za su motsa ba sai da saninka." Daga nan shi zai faɗa ko akwai buƙatar a kai maganar gaban dagaci. Haka za a yi wa limamin masallacin da ya fi kusa da filin, a bayyana masa abin da za a gabatar dalla-dalla, musamman in akwai kiɗa. Yawancin tarukan da ake tarwatsawa, ba don abin da aka faɗa a cikinsu ba ne, don wani babba ne ya fara jin labarin daga lasifika. A kai takardar sanarwa ofishin 'yan sanda na yankin, a ajiye kwafin da aka buga wa hatimi. In shirin ya haɗa da nuna fim ko gayyato mawaƙan zamani, a tuntuɓi Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, a ji ƙa'idojinta tun da wuri.

Zaɓen lokaci shi ne wurin da ake yawan tuntuɓe. Mafi dacewa shi ne tsakanin la'asar da magariba, wato kimanin awa biyu da rabi zuwa uku. Ana iya zama bayan isha'i, amma mata da yara ba za su zo ba, kuma tsofaffin da ke kwanciya da wuri za su yi ƙorafi. Ranakun Juma'a da Asabar na ɗaurin aure ne, masu hayar rumfa da kujeru sukan ƙare kayansu, don haka Lahadi ta fi sauƙi, muddin an yi magana da shugaban Islamiyyar unguwa ya sallami ɗalibai da wuri. Wasu kan so su dace da Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta. Tunani ne mai kyau, illa dai Agusta tsakiyar damina ce a Kano, hadari kan haɗu da yamma ba sallama, sai an tanadi aji ko zaure da za a gudu ciki. Bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafinta kan hana zama a fili kafin ƙarfe biyar. Watannin Oktoba da Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa kafin hunturu ya kankama, sun fi daɗi. Watan azumi a bar wa tafsiri da 'yan tashe.

Wuri mafi sauƙin samu shi ne harabar makarantar firamare: akwai katanga, akwai ƙofa ɗaya da za a tsare, akwai inuwar darbejiya, akwai makewayi. Izini daga hedimasta ake nema, a rubuce. Toshe titi da rumfa ya zama al'ada, amma yana jawo zagin masu ababen hawa, bai kamata a fara da shi ba. A ware ɓangaren mata da na maza, a shimfiɗa wa yara tabarmi a gaba. Masu karatu su ba gabas baya, wato su fuskanci yamma, 'yan kallo kuma su ba rana baya, domin gara mutum ɗaya ya sha hasken yamma na minti biyar da mutum ɗari su yi awa biyu suna kare ido. In da bishiya ko katangar da za ta tare ranar gaba ɗaya, ya fi.

Tsara abin da za a gabatar shi ne zuciyar aikin. Mako biyu kafin ranar a karɓi rubutun kowa a duba. Ba don a gyara wa mutum fasaharsa ba, sai don a tace zambo da habaicin da ya nufi wani gida ko wata ɗariƙa ko jam'iyya. Baiti ɗaya na habaici yana iya raba zumuncin shekara ashirin, kuma kwamitin za a kama, ba mawaƙin ba. A nan ne kuma ake auna tsawo. Waƙa 'yar ƙwar biyar mai baiti sittin, in aka rera ta da amshi, za ta cinye kusan rabin awa, don haka a ce wa mai ita ya zaɓi baiti goma zuwa goma sha biyu. Gajeren labari kada ya wuce shafi uku. Kowa minti biyar zuwa bakwai, wasan kwaikwayo minti goma sha biyar.

Jerin ya fara da addu'a da gajeren jawabin maraba, sa'annan yara, tun hankalinsu bai tashi ba: kacici-kacici, karin magana, tatsuniya. Yaron da ya kama makirfo karo na farko yakan manna shi a baki ya yi ta numfashi a ciki, ko ya riƙe shi can ƙasa a ƙirji ba a jin komai, shi ya sa ake gwaji kwana ɗaya kafin taro, a nuna masa tazarar yatsu huɗu. Bayan yara sai rubutacciyar waƙa, sai labari, ana cuɗanya su don kada kunne ya gaji. Makaɗi, mai gurmi ne ko mai kukuma ko mai kalangu, a ajiye shi can kusa da ƙarshe, domin da zarar ganga ta yi ƙara ba mai sake natsuwa ya saurari labari. Kiɗan ƙwarya da shantu na mata ne, sun fi armashi in an ware musu nasu zaman a cikin gida. Yana da kyau a gayyato malamin Hausa guda daga sakandare ko kwalejin ilimi ya yi ta'aliki na minti goma, ya nuna inda kari ya karye ko amsa-amo ya kauce, cikin lafazin da ba zai kashe wa mai koyo gwiwa ba.

Jawaban manyan baƙi su ne ɓarayin lokaci. Uban taro ɗaya ya isa. Mai gabatarwa ya zama mutum mai fara'a da ba ya jin nauyin miƙa wa babba 'yar takarda mai ɗauke da "saura minti ɗaya", kuma a gaya wa baƙon tun a wasiƙar gayyata cewa za a yi haka.

Kuɗin da ake buƙata ba shi da yawa: hayar rumfa da kujerun roba, lasifika da makirfo biyu, janareta da mansa, ruwan leda, da ɗan abin sallamar makaɗi. Karo-karo tsakanin 'yan kwamiti da gudummawar masu shagunan unguwa sukan isa. Kuɗin ɗan siyasa yana zuwa da hotonsa da 'yan rakiyarsa, in an karɓa sai a shirya jin taken jam'iyya a tsakiyar waƙa. Kada a dogara da wutar gwamnati. A ajiye janareta bayan aji da doguwar waya don ƙararsa kada ta danne muryoyi, a sa lasifikokin gaba da inda mai karatu zai tsaya, ba bayansa ba, in ba haka ba sai su riƙa wannan kuwwar mai tsaga kunne. Game da liƙi, dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana watsa takardun naira a wurin biki, saboda haka a ajiye faranti ko ƙwarya a gaban mai wasa, mai kyauta ya sa a ciki.

Sanarwa kwana goma kafin ranar ta wadatar. Zaurukan WhatsApp na unguwa suna kai wa matasa, amma dattawa sai an bi su majalisa, mata kuma ta makarantun Islamiyya na matan aure da gidajen biki. Manyan baƙi a kai musu kati hannu da hannu.

A ranar, kayan sauti su kasance a haɗe an gwada su kafin azahar. 'Yan sintirin unguwa su tsaya a ƙofa, a ware inda za a jera babura da mai gadinsu. Da an sallame la'asar a fara, ko da kujerun gaba ba kowa, domin mai jiran babban baƙo magariba ce za ta riske shi da rabin jeri. Minti goma kafin kiran salla a rufe da addu'a a kashe lasifika. Wanda lokaci bai kai kansa ba a ba shi haƙuri a bainar jama'a, a yi masa alkawarin buɗe zama na gaba.

A daren a tattara kujeru a ƙirga su a gaban mai haya, a share filin, kada ɗalibai su tarar da ledoji da safe. Washegari a koma wurin mai unguwa da liman da hedimasta a yi godiya. Cikin mako guda a yi zaman bita, ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a manna kwafi inda masu gudummawa za su gani. Sakatare ya adana rubuce-rubucen da aka karanta, da sunan kowane mai su da kwanan wata, tare da sautin da aka naɗa, amma kada a sa hoto ko muryar kowa a intanet sai da izininsa, na yara kuma da izinin iyayensu. Rubutun zama uku ko huɗu kan isa a buga ɗan ƙaramin littafi, labaran da suka yi fice kuma a taimaka wa matan da suka rubuta su su gyara su aika gasar Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016. A wannan zaman na bita ne ake tsayar da ranar dandali na gaba, bayan wata uku, a rubuta ta kafin a tashi.