Izini kafin aiki: nasiha ga samarinmu masu sha'awar harbi a Amurka

'Ya'yana, musamman ku da karatu ko neman halali ya kai Amurka, na san wasunku sun fara bin abokai zuwa filin harbi a ƙarshen mako. A can harbin saiti wasa ne kamar sauran wasanni, yana da ƙungiyoyinsa da gasarsa da masu koyar da shi. Sabon shiga yawanci ƙaramar bindiga ake miƙa masa, mai cin harsashin .22 LR, saboda arha gare ta kuma ba ta dukan kafaɗa. Kafin a jima zai ga wani a gefensa ya ɗaura wa tasa salansa, ƙararta ta yi ƙasa, har ya ji mutumin yana cewa da hannunsa ya ƙera ta kuma hukuma ta san da ita. Matashi mai basira da son aikin hannu dole abin ya burge shi, kuma ban ga laifinsa ba. Fatana kawai ku san nauyin abin tun kafin sha'awa ta ja ku.

Wanda ya fara fito da salansar bindiga kasuwa shi ne Hiram Percy Maxim, wanda ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1909, yana aiki a garin Hartford na jihar Connecticut. Sunan gidansu ba baƙo ba ne a tarihinmu, domin mahaifinsa, Hiram Stevens Maxim, shi ya ƙirƙiro bindigar nan mai aman wuta da sojojin Turawa suka zo da ita Kano da Sakkwato da Burmi a 1903. Uban ya ƙare rayuwarsa kurma, saboda shekarun da ya yi yana gwajin bindigogi ba tare da kariya ba. Ɗan kuwa ya ba da ƙarfinsa ga rage ƙara, ta bindiga da ta injuna. Dabarar ɗaya ce da ta salansar mota: iskar mai zafi da ke biyo bayan harsashi ana ba ta wurin da za ta baje ta huce kafin ta fito fili, sai fashewarta ta yi sauƙi. Saboda haka asalin amfanin abin kare kunne ne, na mai harbi da na maƙwabtansa.

A 1934, zamanin da 'yan daba suka addabi manyan biranen Amurka, majalisar ƙasar ta kafa dokar da ta sa salansa a sahu ɗaya da bindigogi masu sarrafa kansu. Aka wajabta yi mata rajista da biyan harajin dala 200, kuɗin da a wancan lokaci ya ninka farashin salansar kanta sau da yawa. Harajin ya zauna a haka shekara 90 da 'yan kai, sai wata doka ta 2025 ta mayar da shi sifiri daga farkon 2026. Ku lura da kyau, kuɗin ne aka janye, rajistar tana nan daram. Wanda ke son ƙera tasa sai ya cike takardar hukumar kula da makamai ta tarayya, wato ATF, da ake kira Fom na 1, ya haɗa da hotonsa da zanen yatsunsa, ya sanar da shugaban 'yan sandan yankinsa, a binciki tarihinsa, sannan ya zauna jira. Sai amincewa ta iso hannunsa a rubuce zai taɓa ƙarfe. Bayan nan ma dole ya sa a zana sunansa da garinsa da jiharsa da lambar rajista a jikin abin, yadda ko a ina aka gan shi an san mai shi.

A wannan jira ne matasa suka fi zamewa. Zuciya takan ce, ai takardar tana hanya, bari in fara yanka da hudawa don in rage aiki. Ɗana, a idon dokar Amurka duk wani ɓangare da aka tanada da niyyar yin salansa shi ma salansa ne, ko da ba a harhaɗa shi ba. Wanda ya riga izini da kwana ɗaya ya aikata babban laifi, hukuncinsa yana iya kaiwa shekara 10 a gidan yari da tara mai nauyi, ga baƙo kuma har da kora daga ƙasar. Haka nan akwai kayan da ake tallatawa a intanet da sunan na'urar wanke bindiga ko matatar mai, alhali kowa ya san abin da ake nufi da su. Hukumar ATF ta ɗauki da yawa daga cikinsu a matsayin salansa marar rajista, kuma mutane sun shiga hannu saboda ɗan kunshin da suka yi oda da 'yan daloli. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa. Kada ku bari arhar wani kaya ta cinye muku shekarun da iyayenku suka yi suna tara kuɗin karatunku.

Akwai kuma abubuwa biyu da ya kamata kowannenku ya bincika tun kafin ya taka filin harbi. Na farko jihar da yake zaune. Jihohi 42 sun halatta wa farar hula mallakar salansa, amma 8 sun haramta, cikinsu har da California da New York da Illinois da New Jersey, inda mutanenmu suke da yawa. Takardar gwamnatin tarayya ba ta kare wanda ya tsallaka da abinsa zuwa irin waɗannan jihohi. Na biyu irin takardar zamansa. Wanda ya shiga da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi, sai in ya faɗa cikin 'yan keɓaɓɓun sharuɗɗa kamar mallakar lasisin farauta. Tambayar lauya a kan wannan ba tsoro ba ne, hankali ne, kuma matambayi ba ya ɓata.

To, mu ce komai ya cika, mutum ya isa filin da salansarsa ta halal. Me zai gani? Harsashin .22 LR, wanda ya fito tun 1887, makunninsa yana cikin gefen gindin kwanson, albarushinsa kaɗan ne, shi ya sa ya fi sauran harsasai karɓar salansa. Bindigarsa in ba salansa ƙararta tana kai wa wajen desibel 140. Salansa mai kyau takan rage tsakanin 20 da 35, sai ƙarar ta dawo abin da mutum zai iya magana da na kusa da shi a tsakanin harbi. Mai lura zai ji harbin farko ya ɗan fi na baya ƙara, saboda iskar da ke cikin bututun tana taya albarushi ci, sai ta ƙare sannan sauran su yi laushi. Zai kuma ga cewa harsashin da ya fi sauti gudu, wato ya haura mita 340 a daƙiƙa, yana tafe da wata tsawa tasa a iska wadda salansa ba ta da iko a kanta. Sau da yawa ma inda harsashi ke sauka a takardar saiti yakan ɗan gusa, domin nauyin da aka ƙara a bakin bindiga ya sauya yadda take girgiza, sai mai ita ya sake daidaita saitinsa daga farko. Abin da fina-finai ke nunawa na harbi ba sauti, ku bar shi a fim.

Saboda haka ku ci gaba da toshe kunnuwanku ko da salansa. Na kusa da ku wataƙila babbar bindiga yake harbawa. A can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu kamar gashi da ke karɓar sauti, wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Lalacewar ba ta zuwa da zafi. Da ɗan amo take farawa, wanda ake ji da dare in an kwanta, sannan a hankali mutum ya riƙa cewa a maimaita masa magana. Ji amana ce da Allah ya ba ku, da shi za ku saurari kiran salla da muryar jikokinku.

Haka nan ku kiyayi dalma. Harsashin .22 LR yana barin dauɗa mai yawa, salansa kuma tana tara ta, toka da ɓurɓushin dalma su daskare a ciki. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Mai tsabtace irin wannan kaya ya sa safar hannu, ya yi aikinsa inda iska ke shiga, nesa da kicin da wurin wasan yara, ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci.

Babban abin da nake ji muku tsoro shi ne sakaci. Ƙara tana sa mutum ya shiga taitayinsa, in ta ragu sai zuciya ta fara ɗaukar bindiga abin wasa. Alhali harsashin nan ɗan ƙarami yana iya tafiyar fiye da kilomita 1, kuma yana kisa. Ku ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki. Kada bakinta ya kalli abin da ba ku yi niyyar harbi ba. Yatsa ya nisanci kunama sai an saita. Ku san abin da kuke harbi da abin da ke bayansa. Salansar da aka yi wa rajista da sunanka kuwa ba a ba da aronta, ko ga ɗan'uwa na jini, ba a kuma barinta inda wani zai ɗauka ba ka nan.

Ku kuma da ke gida kuna kallon waɗannan abubuwa a waya, ku tuna kowace ƙasa da dokarta. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta haramta ƙera makami ko harhaɗa shi ba da izinin hukuma ba, kuma babu wata takardar Amurka da ke aiki a nan. Ƙasar da ke fama da 'yan bindiga ba ta bukatar a ƙara mata ko da ƙusa ɗaya ta wannan fanni. In Allah ya ba ka baiwar sarrafa ƙarfe, ga injin ban ruwa, ga na niƙa, ga kayan noma, duk suna jiran hannu irin naka.

Ban ce ku bar sha'awarku ba, 'ya'yana. Harbin saiti yana koyar da natsuwa da sarrafa numfashi da haƙuri, kuma wanda ya bi ƙa'ida babu mai ɗaga masa yatsa. Ku nemi izini tukuna, ku jira shi komai daɗewa, ku koyi aikin a hannun waɗanda suka san shi, ku riƙe mutuncin gidan da kuka fito. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku daga aikin da-na-sani, ya dawo mana da ku lafiya.