Ciwon Gwiwa ga Masu Aikin Ƙarfi da 'Yan Wasa

Darasin lafiya na wannan fitowa a kan gwiwa yake. Da yawa daga cikinmu da ƙafa muke neman abinci. Manomi yana wuni a sunkuye da fartanya, ɗan garuwa yana tura kura cike da jarkoki, mace tana ɗauko ruwa ko itace a ka daga nesa, ɗan dako yana hawa yana sauka da buhu a kafaɗa, matasa kuma suna buga ƙwallo a kan ƙasa mai tauri, wasu ko takalmi babu. Ranar da gwiwa ta ƙi, aiki ya tsaya, abincin gida ma ya ragu. Saboda haka ya kamata mu san ciwon da za mu iya kula da shi a gida, da wanda bai kamata ya kwana ba sai ma'aikacin lafiya ya gani. Za a iya karanta darasin a taron ƙungiya, kowa yana taɓa tasa gwiwar ana bin wuraren ɗaya bayan ɗaya.

Yadda gwiwa take

A gwiwa ne ƙashin cinya ya zauna a kan ƙashin ƙwauri. Ƙoƙon gwiwa yana gaba, yana zamewa sama da ƙasa a cikin wani ɗan kwari da ke jikin ƙashin cinya. Bakin ƙasusuwan yana lulluɓe da guringuntsi mai santsi, irin farin abin nan da muke gani a kan ƙashi idan an yanka akuya. Tsakanin manyan ƙasusuwan biyu akwai faifan guringuntsi guda biyu masu siffar jinjirin wata, aikinsu kamar na gammo ne a kan mai ɗaukar kaya. Jijiyoyi huɗu masu ƙarfi suka ɗaure gaɓar, biyu a gefe da gefe, biyu a can ciki sun gitta juna. Naman cinya da na mazaunai kuma su ne ke riƙe gwiwa daidai a lokacin aiki. Idan suka yi rauni, wahalar sai ta koma kan gaɓar.

Nauyin da gwiwa ke ɗauka ya fi yadda muke zato. A tafiya kawai, kowane taku yana ɗora mata ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinmu. A tsuguno mai zurfi, matsin da ke bayan ƙoƙon gwiwa yana iya kai ninki bakwai. Mu tuna jarka mai lita 25 nauyin ruwanta kilo 25 ne, kuma shi ma ninkuwa yake yi a kowane taku.

Ciwon da ke shigowa a hankali

Wannan shi ne ya fi yawa, kuma galibi ba faɗuwa ce ta kawo shi ba. Mutum ne ya ƙara wa gwiwa aiki farat ɗaya, fiye da abin da ta saba. Muna ganin haka a farkon damina, sa'ad da wanda ya huta da rani ya shiga gona daga safe har la'asar, ko sa'ad da matasa suka shiga gasar ƙwallo ba tare da sun yi makonni suna atisaye ba.

Inda ciwon yake yana ba mu haske. Idan a gaba yake, kewaye da ƙoƙon gwiwa ko a bayansa, yana tsananta wajen saukowa gangare ko matakala, wajen tsuguno, ko bayan an daɗe a zaune cikin mota gwiwa a lanƙwashe, yawanci gogar ƙoƙon ne da ƙashin cinya. Ya fi kama matasa da 'yan mata. Idan kuma wuri ɗaya ne tak a ƙasan ƙoƙon, wanda za a iya nunawa da yatsa ɗaya, jijiyar da ta haɗa ƙoƙon da ƙwauri ce ta gaji, kuma masu yawan tsalle ne suka fi samunsa. Masu gudu mai nisa da masu tuƙa keke sukan ji nasu a gefen waje. Ga mai keke, sau da yawa tsayin sirdin ne bai yi daidai ba. A daidaita shi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa idan feda ta kai ƙasa. Masu aikin durƙuso, kamar masu daɓe da masu dashen albasa, wani lokaci kumburi mai laushi kamar ƙwai yakan fito musu a kan ƙoƙon.

Akwai wanda ke tayar wa iyaye hankali. Yaro mai shekara 10 zuwa 15, mai son ƙwallo, sai wani ƙullutu mai zafi ya fito masa a saman ƙwauri, ƙasa kaɗan da ƙoƙon gwiwa. Wasu likitoci biyu, Osgood na Amurka da Schlatter na Suwizalan, su suka bayyana shi a shekarar 1903, shi ya sa ake kiransa da sunansu. Jijiya ce ke jan ƙashin da bai gama ƙwari ba. Yana wucewa da kansa idan girma ya tsaya. A rage wa yaron gudu da tsalle a kwanakin da ciwon ya tashi. Kada a kai shi a tsaga wurin, babu wani mugun abu a ciki da za a fitar.

Ga waɗanda suka haura shekara 45 kuma, abin da ya fi yawa shi ne amosanin gaɓɓai, wanda wasu ke kira sanyin ƙashi. Guringuntsin ne ke sirancewa. Gwiwa takan sage da safe na ɗan lokaci, ba ya kai rabin awa, sai ta saki idan an fara motsi, ta sake ciwo da yamma bayan aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke da wannan ciwo a duniya, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma kashi 60 cikin 100 mata ne. Ƙiba da tsohon rauni suna gaggauta shi. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2005 ya nuna cewa duk kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage, nauyin da ke kan gwiwarsa yana raguwa da wajen kilo huɗu a kowane taku. Ƙarar ƙas-ƙas da gwiwa ke yi idan mun tashi, in dai babu ciwo babu kumburi, ba abin damuwa ba ce.

Raunin da ke zuwa farat ɗaya

Wannan yakan faru idan ƙafa ta kafe a ƙasa jiki kuma ya juya, kamar ɗan ƙwallo da ya yi yanka, ɗan kokawa da aka murɗe, ko wanda ƙafarsa ta faɗa rami da kaya a kai. Abin da za mu lura da shi shi ne saurin kumburin. Idan mutum ya ji ƙara a cikin gwiwa, ta kumbura cikin awa ɗaya ko biyu, daga baya kuma tana kuɓuce masa kamar za ta zube, mai yiwuwa ɗaya daga cikin jijiyoyin ciki ce ta tsinke, kumburin kuma jini ne. Idan sai washegari ta kumbura, tana ciwo a gefe wajen tsuguno, wani lokaci ta maƙale ta ƙi miƙewa, ana zargin faifan guringuntsi ne ya yage. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya ko faifan. Don haka idan an ce hoto bai nuna komai ba, abin nufi ƙashi bai karye ba. Likita yana gane sauran ta gwajin hannu, wani lokaci da na'urar MRI.

Wanda ba a kwana da shi

Gwiwar da ta kumbura, ta yi zafi a taɓawa, mai ita yana zazzaɓi, ba ya yarda a motsa ta ko kaɗan, a kai shi asibiti a ranar. Ƙwayoyin cuta ne ke iya shiga gaɓar su tara mugunya, kuma cikin 'yan kwanaki suna cinye guringuntsin, ba ya kuma dawowa. Yara ƙanana, masu sikila da masu ciwon suga sun fi shiga wannan haɗari. Haka nan bayan faɗuwa ko haɗari, a nemi asibiti idan mutum ba ya iya taku huɗu a kan ƙafar, ba ya iya lanƙwasa gwiwa kamar zaman kujera, ƙafar ta karkace, ko tafin ƙafar ya yi sanyi ya mutu. Wanda ya kai shekara 55 ya fi bukatar hoto ko da raunin bai yi kama da mai tsanani ba. Kumburin da ya yi watanni tare da rama da gumin dare, a gwada tarin fuka, domin yana kama gaɓɓai ma. Yaron da ke ɗingishi yana kukan gwiwa, amma an duba gwiwar lafiya lau, a roƙi ma'aikacin lafiya ya duba kwatangwalo. Ciwon kwatangwalo yakan sauko ya bayyana a gwiwa, musamman ga masu sikila da matasa masu jiki.

Mun san da yawa cikinmu wurin mai ɗori muke fara zuwa, domin yana kusa kuma kuɗinsa da sauƙi. Amma yawancin raunin gwiwa ba karaya ba ne, babu ƙashin da za a ɗora. Ja da murza da ƙarfi suna ƙara yaga abin da ya riga ya yage. Ɗauri mai tsanani da karare yana iya tare jini har ƙafa ta ruɓe. Sakiya, tsaga da ƙaho a kan gwiwar da ta kumbura kuwa ƙofa ce muke buɗe wa ƙwayoyin cuta da hannunmu. Idan asibitin kusa ya ga abin ya fi ƙarfinsa, zai tura mu babban asibiti, irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Kulawa a gida

Idan babu ko ɗaya daga cikin alamun nan, ga sabon rauni sai a huta kwana biyu ko uku, a ɗora ƙafar a kan matashi ta fi ƙirji tudu. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a wuni, kada ta taɓa fata kai tsaye. Ledar ruwa da ta daskare ta isa, inda babu kuma a jiƙa tsumma da ruwan randa. Ƙanƙara zafi take ragewa, ba ita ke warkarwa ba. A ɗaura bandeji yadda yatsa zai iya shiga ƙarƙashinsa, a kwance shi da dare. Gashi da ruwan ɗumi da shafa man zafi sai bayan kwana uku, idan kumburi ya fara sauka. Ga mai amosanin gaɓɓai kuwa ɗumi yana da daɗi kowane lokaci.

Babba zai iya shan farasitamol mai miligiram 500, ƙwaya biyu, kada ya wuce ƙwaya takwas a kwana ɗaya. Ibufurofen da dikulofenak suna rage kumburi, amma a sha su bayan an ci abinci, na 'yan kwanaki kawai. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini da mace mai ciki kada su sha sai da izinin ma'aikacin lafiya. Dikulofenak na shafawa ya fi sauƙi a ciki. Mu guji haɗin ƙwayoyin da masu talla ke ƙullawa a leda ba suna, domin akan haɗa masu cin ciki iri biyu ko uku wuri ɗaya. Taramadol da wasu matasa ke sha don su yi noma ko dako ba gajiya yana rufe ciwon ne, raunin yana ƙaruwa, ga shi kuma yana kama mutum ya kasa bari.

Kuskuren da ya fi yawa bayan wannan shi ne kwanciya. Cinyar da ba ta aiki tana ramewa cikin mako biyu, gwiwar ta sage. Da zarar zafi ya lafa sai a fara motsa ta. A zauna a tabarma ƙafa a miƙe, a ɗaure naman cinya ana danna bayan gwiwa ƙasa, a ƙirga biyar, a saki, sau goma. Sannan a kwanta rigingine, a lanƙwasa ƙafa mai lafiya, a ɗaga mai ciwon a miƙe kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a sauke a hankali. A juya a kwanta ta gefe a ɗaga ƙafar sama don ƙarfafa mazaunai. Idan waɗannan sun yi sauƙi, a riƙa tashi daga kujera ana zama ba tare da dafa komai ba. Safe da yamma ake yi. Ɗan ciwo kaɗan a lokacin ba laifi, amma idan gwiwa ta wayi gari ta fi jiya kumburi, an yi yawa, a rage. Sai an yi mako 6 zuwa 12 kafin a ga amfanin sosai, kuma a nan ne mutane ke gajiya su bari. Wannan motsa jiki shi ne maganin farko na ciwon gaban gwiwa da na amosanin gaɓɓai, har ma da yagewar faifan da tsufa ya kawo, wanda a da ake saurin yi wa tiyata. Idan an yi mako shida ba sauƙi, a nemi likita ko masu gashin ƙashi na asibiti.

A wajen aiki kuma, gara sawu biyu da rabin kaya da sawu ɗaya da cikakken buhu. Mai durƙuso ya shimfiɗa tsohon buhu a ninke, mai wanki ko girki ta zauna a kujera 'yar tsuguno maimakon tsuguno a ƙasa. Mai dogara sanda ya riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren, wato idan gwiwar dama ke ciwo, sanda a hagu.

Ga ƙungiyoyin ƙwallo

A shekarar 2006 hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta fito da wani tsarin ɗumama jiki na minti 20 mai suna 11+, wanda ba ya bukatar komai sai fili da ƙwallo. Ya ƙunshi gudu a hankali, ƙarfafa cinya da ciki, tsayuwa da ƙafa ɗaya, da koyon dira daga tsalle gwiwa a ɗan lanƙwashe tana kallon yatsun ƙafa, ba ta faɗa ciki ba. An gwada shi a kan ƙungiyoyin matasa 20 a Legas, sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin 100 a ƙungiyoyin da suka bi shi. Ana yinsa aƙalla sau biyu a mako kafin atisaye. 'Yan mata masu wasa sun fi maza saurin tsinkewar jijiyar cikin gwiwa, don haka masu horar da su su fi ba da ƙarfi ga koyon dira. Kafin a fara wasa kuma, a zagaya filin a cike ramuka a kwashe duwatsu. Ɗan wasan da ya ji rauni kada a mayar da shi fili sai ya iya gudu, ya juya, ya yi tsalle da ƙafar ita kaɗai ba ciwo, gwiwar kuma ba ta kumbura washegari ba.