Lambatu Ma Yana da Awo

Ranar 30 ga Agusta, 2024, ruwan sama kimanin milimita 150 ya sauka a birnin Maradi cikin minti 90, aƙalla mutum 15 suka rasu. Mu mutanen Madarunfa, da ke zaune bakin tafki kusa da Gulbin Maradi mai gangarowa daga ƙasar Katsina, ya kamata mu zauna mu yi lissafi. Irin wannan ruwa, in ya sauka a fili mai hekta ɗaya, ya cika ganga 7,500 masu cin lita 200. Duk hanyar wucewa yake nema, kuma ba ya yin sallama.

Injiniya ba ya haƙa lambatu da ka. Yana duba girman unguwar da za ta zubo ruwa, da gangaren ƙasa, da ko yashi ne mai shanyewa ko kwano da siminti masu tunkuɗowa, sannan ya auna da ruwa mai ƙarfi irin wanda ake tsammani sau ɗaya a shekara goma. Lambatu tamkar tiya ce a hannun mai awo. Wa zai yarda a auna masa hatsi da tiyar da aka danƙara wa laka har rabi? Zai ce an cuce shi, ya tara jama'ar kasuwa, ya kai ƙara gaban sarkin awo. To ga shi mu da kanmu muke cika tiyar gari da leda, toka da sharar gida, mu bar yashi ya kwanta a kwalbati tun rani. Rabin awo ya tafi kafin hadari ya haɗu, sauran ruwan kuwa gindin katangar laka yake komawa.

Wani zai ce ruwa na Allah ne. Haƙƙun, amma ledar ta wa ce? Malamai sun karantar da mu cewa kawar da cuta daga hanya yana cikin imani, balle mai zuba ta da hannunsa. Wani kuma ya ce aikin magajin gari ne. Faɗaɗa magudana inda gidaje suka ƙaru nasa ne, da hana gini kan hanyar ruwa, amma ba zai kwana ƙofar gidan kowa yana gadin kwandon shara ba. Sauro da zawo ma daga kwatar da ta toshe suke.

Masu unguwanni da limamai, a sa ranar gayya, a yashe kowane lambatu kafin watan Yuni.